Tambaya da Amsa: Ƙara Wurin Zuba Mai a Jirgin da Mutum Ya Haɗa da Hannunsa

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata sun taru a kan magana ɗaya, wato ƙara girman tankin mai a ƙananan jiragen sama na haɗa-da-kanka, irin waɗanda kamfani ke sayar da sassansu da zanensu, mai jirgi ya kwashe shekaru yana haɗawa. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su, ga su tare da amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin haɗa jirgi samfurin RV-7 na kamfanin Van's. Na gama wutsiya, yanzu na shiga aikin fukafukai. Tankunan da ke cikin zanen suna cin lita 159, ni kuwa ina so in ƙara kamar lita 50 tun kafin in rufe fiffike, domin ni da maiɗakina mu riƙa yin doguwar tafiya ba tare da yada zango ba. Wani abokina ya ce in tsawaita tankin kowane fiffike zuwa haƙarƙari na gaba (ƙarafan da ke jere a cikin fiffike suna tallafe fatarsa), aiki ne na 'yan kwanaki. Shin akwai abin tsoro a ciki? Daga Injiniya Bashir.

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Abokinka ya yi gaskiya a kan cewa ƙera tankin shi ne ɓangare mafi sauƙi, kuma ka yi dabara da ka yi tambaya kafin ka rufe fiffiken, domin gyaran da ake yi a wannan mataki ya fi wanda ake yi bayan an buga ƙusoshi an shafa gam. Amma kafin ka yanka ko da falle ɗaya na alminiyom, ina so ka ɗauki takarda mu yi lissafin nauyi tare, saboda shi ne zai gaya maka ko lita 50 ɗin nan za su amfane ka.

Man ƙananan jirage da ake kira 100LL, kowace lita ɗaya tasa tana da nauyin kilo 0.72. Tankunan RV-7 na asali galan 42 ne na Amurka, wato lita 159 da ka ambata, kuma in an cika su nauyin man ya kai kilo 114. Iyakar nauyin da kamfanin ya yanka wa wannan jirgi shi ne fam 1,800, kimanin kilo 816, jirgin kuma in babu kowa babu komai a cikinsa yakan kai kusan kilo 500, gwargwadon injin da kayan aikin da mai shi ya sa. Saura kilo 316 ke nan. Cire mai, saura 202. In muka ƙaddara kai da maiɗakinka kowa kilo 80 ne, abin da ya rage wa jakunkuna bai wuce kilo 42 ba. To, lita 50 da kake son ƙarawa nauyinsu kilo 36 ne, in ka haɗa da ƙarin alminiyom da gam da bututu, a ce kilo 8, ka ga an cinye wurin kaya gaba ɗaya har an ɗan haura. Ranar da za ku yi doguwar tafiyar da kake buri, wadda ita ce ranar da kuka fi bukatar kaya, ita ce ranar da ba za ka iya cika sabon tankin ba sai ka ƙetare iyaka.

Na san wasu masu haɗa jirgi kan ce ai a Amurka doka ta bar wa wanda ya haɗa jirgin gwaji (sunan da doka ta ba irin waɗannan jirage na haɗa-da-kanka) ya rubuta iyakar nauyinsa da kansa. Haka ne a takarda, amma ƙashin fiffike, wato doguwar ƙarfen da ke ratsa tsawonsa tana ɗauke da nauyin jirgi, bai san abin da aka rubuta ba. Idan aka tsara fiffike ya jure nauyin jirgi ninki 4.4 a kan kilo 816, ranar da jirgin ya kai kilo 900 abin da zai jure ya sauko zuwa ninki 4 kacal, kuma guguwar da ke jijjiga jirgi a sama ba ta rage ƙarfinta don an yi wa jirgin lodi. Ƙarin nauyi na kashi 10 cikin 100 yana ɗaga saurin da fiffike ke daina ɗaukar jirgi da kusan kashi 5, yana tsawaita gudun da jirgi zai yi a ƙasa kafin ya tashi da kusan kashi 20, yana rage saurin hawa, sannan ƙafafu da birki su ne ke karɓar ragowar wahalar a lokacin sauka. A filin jirgi mai tudu, da rana mai zafi, inda iska ba ta da kauri, waɗannan kasoshi suna haɗuwa su ninka juna.

Saboda haka tambayar da nake so ka fara amsa wa kanka ita ce ko da gaske mai ne ya yi maka kaɗan. Injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180, wanda da yawa ke sa wa wannan jirgi, yana shan abin da ya kama daga lita 30 zuwa 38 a awa a tafiyar yau da kullum. Lita 159 za su riƙe ka kimanin awa huɗu, da ragowar minti 45 a ajiye, kuma a saurin da ya kai kilomita 300 a awa wannan tafiya ce ta kusan kilomita 1,200. Mutane kaɗan ne ke iya zama awa huɗu a kujera mai matsatsi ba su bukaci miƙe ƙafa ba, kuma gajiyar matuƙi a awa ta biyar haɗari ce da babu gejin da ke nuna ta. Bayan haka akwai wata hanyar ƙara nisa da ba ta da nauyi ko na giram ɗaya. Idan ka rage ƙarfin inji daga kashi 75 zuwa kashi 55, shan mai zai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali saurin jirgin ba zai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin goma ba, don haka nisan da tanki ɗaya zai kai ka zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. In ka haɗa da iya daidaita cakuɗar mai da iska yadda masu injin suka tsara, da na'urar da ke ƙidaya man da ya wuce zuwa inji lita bayan lita, ka samu mafi yawan abin da kake nema ba tare da ka taɓa fiffike ba.

Ban ce babu wanda ke da bukata ta gaskiya ba. Jon Johanson, ɗan ƙasar Ostireliya, ya zagaya duniya a 1995 da jirgin RV-4 da ya haɗa da kansa, ya sake zagayawa a 1996, kuma bai yi hakan da tankunan asali ba. Amma shi kaɗai yake tashi, wurin fasinja ya zama wurin mai, kuma tekuna yake ƙetarewa inda babu wurin sauka. Duk da haka, a watan Disamba na 2003, da ya bi ta saman ƙarshen kudancin duniya da niyyar isa Ajantina, iska mai ƙarfi da ta tare shi ta gaba ta cinye masa mai, dole ya juyo ya sauka a sansanin McMurdo da ke Antaktika, ya zauna har sai da wata matuƙiya 'yar Birtaniya, Polly Vacher, ta ba shi man da ta ajiye a can. Idan tafiyarka irin tasa ce, ko kana yawan zuwa inda ba a samun 100LL don dawowa, to ƙarin tanki yana da hujja.

In ka yi wannan lissafi duka ka ga har yanzu kana so, to a cikin hanyoyin da ake bi, tsawaita tankin fiffike da abokinka ya faɗa ita ce na fi natsuwa da ita, saboda man yana nan kusa da cibiyar nauyin jirgi, wato wurin da nauyin gaba da na baya ke daidaita, kuma ba ka ƙara bawul ko famfo ko wani sabon aiki ga matuƙi ba. Sai dai ka sani cewa a wannan jirgi tankin shi ne gaban fiffiken kansa, fatarsa tana cikin abin da ke hana fiffike murɗewa, kuma sukurorin da ke ɗaure shi da ƙashin fiffike an ƙidaya su an tsara wurarensu. In ka tsawaita shi, wurin da tanki ke haɗuwa da sauran fatar gaba ya matsa, za ka bukaci sababbin ramuka a jikin ƙashin, kuma rami a ƙashin fiffike ba abin da ake hudawa da ƙiyasi ba ne. Ka rubuta wa masu zanen jirgin, ka tura musu zanen abin da kake nufi. In sun ce ba su gwada ba kuma ba su goyi baya ba, ka ɗauki amsar da muhimmanci, ka nemi injiniyan da ya san ƙarfin jikin jirgi ya yi maka lissafi a rubuce kafin ka ci gaba. Hotunan da wani ya sa a intanet yana cewa nasa ya yi shekaru bai karye ba, abin da suke nunawa kawai shi ne bai gamu da ranar da za ta gwada shi ba tukuna.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga jirage da yawa da tanki a bakin fiffike, har na kamfani. Jirgina yana da murfin bakin fiffike na zaren gilashi, cikinsa fanko ne. Me zai hana in toshe shi ya zama tanki? Na ji an ce ma nauyi a bakin fiffike yana rage wa fiffiken wahala. Daga Malam Auwalu.

Amsa: Barka kadai, Malam Auwalu. Abin da ka ji gaskiya ne, amma rabin maganar aka gaya maka. A lokacin da jirgi ke sama, iska tana ɗaga fiffike tana lanƙwasa shi zuwa sama, nauyin da ke bakinsa kuma yana ja ƙasa, don haka wahalar da ke kan gindin fiffike tana raguwa. Da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa sai lamarin ya juye. Babu iskar da ke tallafe da fiffiken, nauyin yana rataye a can nesa, kowace sauka mai ƙarfi da kowane rami a titin jirgi yana lanƙwasa fiffiken ƙasa. Jirgin Voyager, wanda Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaya duniya da shi cikin kwana 9 a watan Disamba na 1986 ba tare da sauka ko ƙarin mai ba, yana da tankuna 17, man kuma ya haura kashi 70 cikin 100 na nauyinsa. Ranar tashi, fukafukansa sun sunkuya saboda nauyin mai har bakinsu ya riƙa gurzar titi ya lalace, kuma wannan jirgi ne da ƙwararru suka tsara tun daga tushe don ya ɗauki wannan mai.

Akwai abubuwa biyu da suka fi wannan damuna. Na farko, nauyi a nesa da tsakiyar jirgi yana sa jirgin ya yi nawa wajen fara kishingiɗa, ya kuma yi nawa wajen tsayawa in ya fara. Inda wannan ke zama barazana shi ne idan jirgi ya faɗa hajijiya, wato yana wulwulawa yana gangarowa hanci ƙasa. Yadda jirgi ke fita daga hajijiya ya dogara ƙwarai da yadda nauyinsa ya rarrabu tsakanin fukafukai da gangar jiki, kuma gwajin da mai zane ya yi, ya yi shi ne da bakin fiffike fanko. In kuma tanki ɗaya ya cika ɗayan ya ƙare saboda famfo ya tsaya, kilo 15 a ƙarshen fiffike ɗaya na iya cinye mafi yawan ikon da kake da shi na daidaita jirgi a lokacin da kake tafiya a hankali don sauka.

Na biyu shi ne karkarwar fiffike. Kowane fiffike yana da saurin da in an kai shi, lanƙwasuwa da murɗewa sukan haɗu su riƙa ciyar da juna, har fiffiken ya tsinke cikin 'yan daƙiƙoƙi. Nauyi a bakin fiffike yana sauya wannan sauri, kuma in nauyin ya faɗa bayan layin da fiffike ke murɗewa a kansa, yakan saukar da shi. Jiragen kamfani da ka gani, irin su Cessna 310, an gwada su da tankunan a cike da kuma fanko kafin a ba su takardar amincewa. Murfin da ke jirginka kuwa an yi shi ne don ya gyara wucewar iska ya riƙe fitila, ƙananan sukurori ko ƙusoshi ne ke riƙe da shi, kuma ba lallai ne gam ɗin da aka ƙera shi da shi ya jure zama cikin mai ba, balle man mota mai gauraye da sinadarin etanol, wanda aka san yana narkar da wasu nau'o'in gam ɗin zaren gilashi. Ga wayar fitila kuma tana bi ta wurin. Shawarata ita ce kada ka toshe wannan murfi. In akwai tankin bakin fiffike da aka tsara musamman don samfurin jirginka, wanda mai zanen ya sani kuma ya faɗi sharuɗɗansa, wannan wata magana ce daban.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ba na son in taɓa fukafukai, don jirgina ya riga ya fara tashi. Tunanina shi ne in sa tankin lita 50 a wurin kaya, bayan kujeru, in haɗa shi da bututun da ke zuwa inji, in kuma iya cire shi in ba na bukata. Jirgin mai fiffike a ƙasa ne, mai kujera biyu. Yaya ya kamata in haɗa bututun? Daga Hajiya Rabi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayarki ta kai mu inda hatsarin ya fi yawa, domin a wannan aiki abin da ya fi kashe inji a sama shi ne hanyar da man ke bi daga tanki zuwa inji. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazari a 2012 a kan jiragen da mutane ke haɗawa da kansu, inda ta nuna cewa mutuwar inji tana sahun gaba a musabbabin haɗurransu, har ta ba da shawarar a wajabta gwajin gudanar mai kafin a ba jirgi izinin tashi.

Mu fara da wurin da kika zaɓa. Wurin kaya yana bayan cibiyar nauyi. Idan kilo 36 na mai suka zauna mita ɗaya a bayan cibiyar jirgin da ya kai kilo 800, cibiyar za ta ja baya da fiye da santimita 4. Wannan kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa a jirage irin wannan duk tazarar da aka yarda cibiyar ta yi yawo a ciki ba ta fi kimanin santimita 20 ba, kuma in akwai fasinja an riga an cinye mafi yawanta. Jirgin da cibiyarsa ta wuce iyakar baya yakan yi saurin ɗaga hanci da ɗan taɓi kaɗan, ba ya komawa daidai da kansa, kuma in ya faɗa hajijiya yana iya ƙin fita. Lissafin kuma ba sau ɗaya ake yin sa ba. A jirage da yawa tankunan fiffike suna ɗan gaban cibiyar, don haka tana ƙara ja baya yayin da suke ƙarewa. Mafi munin hali shi ne fukafukai sun kusa ƙarewa, tankin baya yana cike saboda famfonsa ya ƙi aiki, ga fasinja a zaune. Ki lissafa wannan hali musamman, in ya fita daga iyaka to wurin bai dace ba, ko kuma a rage girman tankin.

Sai ɗauri. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen tsara ƙananan jirage a Amurka ita ce a ƙaddara cewa a saukar gaggawa abu zai iya fizgowa gaba da ƙarfin nauyinsa ninki 9. Tankin da ya kai kilo 44 da mansa ya zama kusan kilo 400 yana nufo bayan kujerarki. Igiyar ɗaure kaya da ƙasan wurin kaya na siririn alminiyom ba za su riƙe wannan ba, dole ɗaurin ya kama ƙasusuwan gangar jiki. Tankin kuma ya kasance da shingaye a ciki masu hana mai tuntsurawa gaba da baya, kuma bakin zuba mai da bututun shaƙar iska da na tsiyayar ruwa duk su fita waje, kada tururin mai ya taru a inda kike numfashi, kusa da wayoyin lantarki.

Game da haɗa bututu, hanyar da nake ba da shawara ita ce kada tankin ƙari ya shayar da inji kai tsaye. A sa masa ƙaramin famfon lantarki da zai riƙa tura mai zuwa ɗaya daga cikin tankunan fiffike bayan an sha wani abu daga cikinsa, tare da bawul mai hana mai komawa baya, da fitila ko geji da ke nuna cewa man yana tafiya. Amfanin wannan tsari shi ne hanyar da inji ya saba shan mai ba ta canza ba, kuma in famfon ya lalace inji ba zai mutu ba, kin rasa ƙarin ne kawai. Sharaɗinsa shi ne ki tura man da wuri, tun kina da isasshen mai a fiffike da zai kai ki wani filin, kada ki ƙidaya lita 50 ɗin nan a cikin abin da kike da shi sai kin gan su sun shiga. Ki kuma kula kada ki kunna famfon alhali tankin fiffike yana cike, don man zai bi ta bututun iska ya zube a sama ba ki sani ba.

Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne haɗa tankin baya da na fiffike a bututu ɗaya ba tare da bawul ba. A jirgi mai fiffike a ƙasa famfo ne ke zuƙo mai, kuma famfo in ya samu zaɓi tsakanin mai da iska, iska yake zuƙa, don ta fi sauƙi. Da zarar tanki ɗaya ya ƙare inji zai tsaya, ko da ɗayan yana cike. Wannan ne dalilin da ya sa mafi yawan irin waɗannan jirage ba su da matsayin shan tankuna biyu a lokaci ɗaya a bawul ɗinsu. In kuma injinki na cikin waɗanda ke mayar da ragowar mai zuwa tanki, kamar Rotax 912 da injuna masu feshin mai na lantarki, sai ki san takamaimai tankin da man ke komawa, don kada ki riƙa sha daga wannan kina cika wancan har ya yi ambaliya.

Duk abin da za ki ƙara, bawul ne ko makunni, ya kasance inda idonki ke gani kuma hannunki ke kaiwa kina ɗaure da bel, an rubuta masa suna ɓaro-ɓaro. A ranar 12 ga Oktoba, 1997, mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a gaɓar Monterey ta jihar Kalifoniya a cikin jirgi samfurin Long-EZ da ya saya daga hannun wani. Zanen asali ya sa mariƙin bawul ɗin zaɓen tanki a gaban matuƙi, amma wanda ya haɗa jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. Binciken NTSB ya nuna cewa ya tashi da mai kaɗan, tankin da yake sha ya ƙare, kuma a ƙoƙarin juyawa ya kai hannu ga mariƙin ne jirgin ya kuɓuce masa ya faɗa teku. Canji ne ƙarami a idon wanda ya yi shi, kuma wanda ya gamu da sakamakonsa wani ne daban, shekaru bayan haka.

Tambaya: Malam, na riga na ƙera ƙarin tankin. Wane gwaji zan yi kafin in tashi, kuma sai na sanar da hukuma? Daga Kyaftin Lawal.

Amsa: Kyaftin, gwajin farko na yoyo ne. A toshe duk kafofin tankin, a hura masa iska kaɗan ƙwarai, a shafa ruwan sabulu a kan kowace ƙusa da kowane haɗi ana neman kumfa. Masu haɗa jirgi kan ɗaura balan-balan a bakin bututun iska, ko su yi amfani da tiyo mai ruwa a ciki, su tsaya a matsin da bai wuce tsayin ruwa santimita 70 ba. Kada ka kuskura ka jona shi da injin hura taya kai tsaye, domin ko wannan ɗan matsin, a kan fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya, daidai yake da nauyin kilo 700. In tankin ya taɓa ɗaukar mai, kada a kusance shi da walda ko wani abu mai tartsatsi, don tururin da ya rage a tanki fanko ya fi man kansa saurin fashewa. Ka tabbata kuma ka bar sarari na aƙalla kashi 2 cikin 100 a saman tankin wanda ba ya cikuwa, saboda mai yana kumbura da kusan wannan adadi in zafi ya ƙaru da digiri 20.

Na biyu shi ne gwajin gudanar mai. A ɗaga hancin jirgi a ƙasa har ya ɗan wuce yadda yake miƙewa a hawa mafi tsanani, a zuba mai kaɗan a tanki, a kwance bututun daga kafireto, a auna abin da ke fitowa da agogo. Littafin gwajin tashi na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ya nemi abin da ke fitowa ya kai kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha a cikakken ƙarfi in man da kansa yake gangarowa, ko kashi 125 in famfo ne ke turo shi. A yi wannan ga kowane matsayi na bawul, a waje, da waya mai haɗa jirgi da bokiti da ƙasa don gudun tartsatsi, da abin kashe gobara a kusa. Daga nan ka zuba mai lita biyar biyar kana daidaita geji, ka gano adadin da ke saura a ƙasan tanki wanda inji ba ya iya kaiwa gare shi, ka sake ɗora jirgin a kan sikeli, ka rubuta sabon lissafin nauyi, ka sauya rubutun da ke bakin tanki da wanda ke gaban matuƙi.

Batun hukuma ya danganta da ƙasar da aka yi wa jirgin rajista. A Amurka, takardar sharuɗɗan da ake ba kowane jirgin gwaji tana cewa in an yi masa babban canji, wato wanda ya shafi nauyi ko daidaito ko ƙarfin jiki ko halin tashi, sai a sanar da ofishin FAA na yankin, a koma matakin gwaji na aƙalla awa 5 a wurin da aka amince, ba tare da fasinja ba, a kuma rubuta sakamakon a littafin jirgi. A Birtaniya, ƙungiyar LAA ce ke kula da mafi yawan irin waɗannan jirage, kuma sai injiniyoyinta sun duba canjin sun amince kafin jirgin ya tashi da shi. Ka karanta takardar sharuɗɗan jirginka kalma bayan kalma, ka sanar da kamfanin inshora, in kuma kana cikin ƙungiyar masu haɗa jirage ta Amurka, EAA, ka gayyaci ɗaya daga cikin mashawartanta na fasaha ya duba aikin da idon da bai saba da shi ba.

A tashin gwaji, ka fara da sabon tankin fanko, sannan kashi ɗaya cikin huɗu, sannan rabi, kana ƙarawa a tashi daban daban, kana lura da yadda jirgin ke amsa sandar tuƙi a kowane mataki. Juyawa zuwa sabon tanki ko kunna famfon turawa a karon farko, ka yi shi a sama sosai, a daidai saman filin jirgi, inda in inji ya yi shiru za ka iya saukowa a kan titi. Ƙarin man kuma ba ya taɓa ragowar da doka ta ce a tanada tun kafin a tashi, wadda a Amurka minti 30 ce da rana, minti 45 da dare, ga matuƙin da ke tafiya da ganin idonsa ba da na'urori kaɗai ba.